Samfur Na Arba'in Da Ɗaya

Ƙarfe huɗu na yamma a Esbjerg,
rana ta riga ta naɗe tabarmarta.
Gunvor ta kunna fitilar kan tebur,
ta zura hannu a safar roba.
Gefe ga gwangwanin ifoksi,
ƙaro mai hasken zuma, mai warin asibiti.

Shi ƙaron nan, in ya daskare,
ya fi ƙashi tauri, amma halinsa na kwalba ne:
ba ya lanƙwasa, ba ya jin rarrashi,
tsaga ɗaya ta same shi, ta ratsa shi kamar walƙiya.
In zafi ya hau kuwa, ya saki jiki
kamar kitse a bakin murhu.
Kuma da shi ake ɗinke fukafukan injin iska
da ke tsaye can cikin Tekun Arewa,
suna shan marin guguwa shekara ashirin
ba mai ce musu sannu.

Maganin yana cikin 'yar kwalba.
Garin silika, fari fat, ba nauyi,
atishawa ɗaya ta kwashe albashin mako.
A jera ƙwayarsa dubu
ba su kai kaurin gashin gira ba.

Ran Litinin Thorkild ya ce a ƙara.
"Abu mai kyau, yawansa ya fi."
Aka zuba masa son ransa,
garin ya dunƙule, ya yi gudaji
kamar kunun da aka dama ana sauri,
kowane gudaji ya zama ƙofar ɓaraka.
Samfur goma sha biyu suka karye
tun allurar ma'auni ba ta gama miƙa ba.
Thorkild ya hau kekensa,
ko sai da safe bai ce ba.

Jiya ta sa kashi uku cikin ɗari, ba ƙari.
Ta bar na'urar kaɗawa tana tsuwwa a kunne
har garin ya watse, kowace ƙwaya da mazauninta.
Ta tsotse kumfa, ta juye a mazubi,
ta rufe tanda, ta sha kofi mai sanyi,
ta tuna babanta Ejvind a tsibirin Fanø
yana cusa zare da kwalta a haƙarƙarin kwalekwale,
yana magana cikin gemunsa:
"Ba katako ke hana ruwa shiga ba, yarinya.
Abin da ke tsakanin katako ne."

Yanzu injin ja ya cije samfur sama da ƙasa.
Allura ta tashi.
Ta iso inda na Litinin suka mutu,
ta wuce.
Ta ƙara wucewa.
Gunvor ta manta da numfashi.

Ƙas!

Ya karye. Dole ya karye,
ɗakin nan kowa karyewa yake zuwa yi.
Tambayar ita ce yaushe, kuma ta yaya.

Ta sa ɓarin a ƙarƙashin madubin ƙara girma.
Fuskar karayar ba sumul take ba irin ta da,
duk kunya-kunya ce, kamar gonar da aka yi wa huɗa.
Tsagar ta zo da gudunta,
ta ci karo da ƙwaya, ta kewaye,
ta ci karo da wata, ta yi tuntuɓe,
ta rabu biyu, ta ɓata hanya,
ƙarfinta ya ƙare a bin lungu.
Ɗan'uwansa da ta gasa da rana
sai da zafi ya ƙara digiri bakwai kafin ya yi laushi.

Bakwai.
Ba lambar da za a buga wa ganga ba ce.
Ta dai rubuta ta da fensir,
ta manna takardar a allon Thorkild
ba tare da ƙarin bayani ba.

Ɓarin ɗaya ta jefa a aljihun riga.
Ran Lahadi za ta hau jirgin fito,
ta ajiye shi kusa da farantin tsoho.
Zai karce shi da farce, ya ɗaga shi ga taga,
wataƙila ma ya gwada shi da haƙori,
sannan ya tambaye ta ko ta ci abinci.

Ta kashe fitila.
Can bayan tashar jiragen ruwa
jajayen fitilu na ƙiftawa a kan teku,
kuma na arba'in da biyu
yana kwance a tanda, yana nuna.